Tarihin Mataccen Inji: Daga Maƙera Zuwa Dokar Shara Mai Guba

Duk wanda ya taɓa bi ta kasuwar kayan mota ta Agodi Gate, ko ya leƙa inda manyan motoci ke kwana a Ojoo, ya san abin da za mu yi magana a kansa yau. Ga matattun injuna nan a jibge kamar duwatsu, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ga kuma samari da guduma da kurfi suna fasa su. Idan ka yi sallama, galibi da Hausa za a amsa maka, domin 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. To, wannan inji da suke fasawa, kayan sayarwa ne ko kuwa shara ne? Kakanninmu da sun ji wannan tambaya da sun yi dariya. Amma yau akwai dokar ƙasa da ta duniya a kan amsarta, har da ɗauri. Shi ya sa muka ga ya dace mu koma baya, mu bi sawun yadda abin ya faro.

Zamanin da ƙarfe ba ya mutuwa

Kamar yadda muka sani, an kafa Sabo a 1916, bayan jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kuma kai Kano a 1911. Abin da ya zaunar da kakanninmu a nan kurmi shi ne goro da shanu: shanu su gangaro, goro ya hau. Da farko a ƙasa ake koro shanu ko a sa su a jirgi, daga baya manyan motoci suka karɓe aikin. Watau dai tun ran gini tun ran zane, abincinmu a garin nan yana ɗaure da inji.

A can gida kuwa, kafin zuwan Turawa, maƙeranmu tama suke haƙowa su narka kafin su sami ƙarfen fartanya ɗaya. Aiki ne na kwana da kwanaki, ga cin gawayi. Da ƙarfen Turawa ya yawaita, na jirgi da na mota da na gangunan mai, sai narkar tama ta yi ta ja da baya har ta mutu, domin ga ƙarfe nan a shirye. Sifirin mota ya zama wuƙa da adda da gatari, ganga ta zama garwa da kasko da murhu. A wancan zamani babu wanda zai ce wa ƙarfe shara. Mota in ta tsufa, bakanike zai sauke inji, ya sake ringi da fistin, a kai karanshaf a gyara, ta tashi ta ƙara shekaru. In ta mutu murus, maƙeri ya gaje ta. Wannan tarbiyya ce muka taso da ita, kuma tarbiyya ce mai kyau, sai dai ta koya mana kallon ƙarfen kawai, ba ta koya mana kallon abin da ke cikinsa ba.

Daga sabuwa fil zuwa tokunbo

Shekarun 1970 su ne shekarun kuɗin man fetur. Aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, a shekarar kuma kamfanin Peugeot, wadda muke ce wa Fijo, ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen ma ya fara a Ikko. Aka buɗe Leyland a nan Badun, Steyr a Bauchi, na manyan motocin Fiat a Kano, na Mercedes a Inugu. Malamin makaranta ma yana iya karɓar rance ya sayi mota sabuwa fil a leda.

Abin bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi, sa'an nan a 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tayar da komaɗar tattalin arziki, wanda kowa ya sani da SAP. Naira da take kusan kai ɗaya da dala a 1985, kafin ƙarshen 1986 sai ka ba da uku ko huɗu kafin ka sami dala ɗaya, zuwa 1993 kuwa ta kai 22 a farashin gwamnati. Sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, ta fi ƙarfin ma'aikaci. Nan ne aka buɗe ƙofar gwanjon motoci daga Turai, abin da maƙwabtanmu Yarbawa suka raɗa wa suna tokunbo, watau abin da ya zo daga ƙetaren teku, mutanenmu na Arewa kuma suke cewa 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano, saboda tashoshin da ake lodinsu da saukewa.

Ba motoci kaɗai suka riƙa zuwa ba. Kwantena-kwantena na injuna tsirara da giyabos da rabin mota suka cika kasuwar Ladipo a Ikko, daga can su watsu zuwa Agodi Gate da sauran kasuwanni. Sai lissafin bakanike ya canja. Maimakon ya kwana uku yana gyaran inji, gara ya sayo na tokunbo ya ɗora, ya tura tsohon bayan gareji. Daga nan ne aka fara samun tulin matattun injuna a garuruwanmu, daga nan ne kuma sana'ar gwangwan ta bunƙasa, yaranmu suka shiga da kura da sikeli. Har yanzu kogin bai ƙafe ba: wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufo, Nijeriya na sahun gaba a masu saye.

Abin da ya faru a Koko

Har zuwa 1988 ƙasar nan ba ta da wata hukuma ta tarayya mai kula da muhalli, ba ta kuma da doka takamaimai da ta bambanta shara mai guba da sauran juji. Abin da ya farkar da gwamnati a wani ɗan ƙaramin gari ya faru, mai suna Koko, tashar jirgin ruwa a tsohuwar Jihar Bendel, wadda yanzu ke cikin Jihar Delta.

Tsakanin 1987 da 1988 wani ɗan kasuwa mutumin Italiya ya shigo da dubban ganguna, nauyinsu ya kusa ton 4,000, ya kama hayar filin wani bawan Allah a kan kimanin dala 100 a wata, ya jibge su a nan. A takarda ba a rubuta guba ba. Ashe dattin masana'antun Turai ne wanda zubar da shi a can yake da tsadar gaske. Rana ta dake su, ruwan sama ya dake su, gangunan suka fara kumbura suna yoyo. An ruwaito cewa har wasu mutanen garin sun juye wasu gangunan sun riƙa tara ruwa a ciki, don rashin sani ya fi dare duhu. 'Yan Nijeriya masu karatu a Italiya ne suka ga labarin a jaridun can, suka rubuto wa jaridun gida, asiri ya tonu a watan Yuni 1988.

Gwamnati ta fusata ƙwarai. Ta janye jakadanta daga Italiya, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya a tashar Ikko, har sai da aka yarda za a kwashe kayan. Daga cikin leburorin da suka yi aikin lodin akwai waɗanda suka ƙone, akwai waɗanda aka kwasa zuwa asibiti. Ɗaya daga jiragen da suka ɗauki gangunan, mai suna Karin B, ya yi ta gararamba a teku, Ingila da wasu ƙasashen Turai suka hana shi tsayawa, kafin daga bisani ya sauke a Livorno ta Italiya. Jama'a, ku duba fa: abin da aka ajiye a bayan gidan talaka a Koko, manyan ƙasashe sun ƙi yarda ko tasharsu ya raɓa.

Kafin shekarar ta ƙare aka kafa doka ta 42 ta 1988, wadda ta yanke ɗaurin rai da rai ga duk wanda ya shigo da shara mai cutarwa, ko ya yi safararta, ko ya zubar da ita ba bisa izini ba. Aka kuma kafa doka ta 58 wadda ta haifi hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1991 hukumar ta fitar da ƙa'idojin sarrafa shara da abubuwa masu haɗari. A 1999 aka mayar da aikin ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli, a 2007 kuma aka kafa NESREA, wadda ita ce ke tilasta bin waɗannan dokoki yanzu.

Duniya ma ta motsa. A watan Maris 1989 aka ƙulla yarjejeniyar Basel a ƙasar Suwizalan kan safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe, Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta fara aiki a 1992. Ƙasashen Afirka suka ga ba ta yi tsanani yadda suke so ba, suka ƙulla tasu a Bamako a watan Janairu 1991, wadda ta haramta shigo da irin wannan shara nahiyar ɗungurungum. Wani abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, cibiyar da ke daidaita aikin yarjejeniyar Basel a Afirka a nan Jami'ar Ibadan take, tafiyar 'yan mintoci daga Sabo.

To, ina matsayin mataccen inji?

A nan ne gizo ke saƙa. Dokokin nan ba su ce inji guba ne ba, ba su kuma ce tsarkakakke ne ba. Rarrabewa suka yi. A jerin yarjejeniyar Basel, tarkacen ƙarfe da goran ruwa da jan ƙarfe, matuƙar ba su gauraya da wani abu mai cutarwa ba, suna cikin sharar da ba ta da haɗari. Haka ma matacciyar mota da aka tsiyaye duk wani ruwa da mai da ke jikinta, aka cire sassa masu haɗari. Amma baƙin man da aka juye daga inji yana cikin jerin shara mai haɗari, haka ma tsohon batir mai dalma, ko a fashe ko ba a fashe ba.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun bi wannan hanya a dokarsu ta matattun motoci ta shekarar 2000. A littafinsu na rarraba shara, motar da ta mutu da kayan cikinta tana da lamba 16 01 04, da alamar tauraro mai nuna haɗari. In an tsiyaye ta an tsabtace, sai ta koma 16 01 06, babu tauraro. Ƙarfe ɗaya ne, nauyi kusan ɗaya, amma hukunci biyu. A can, wajibi ne a kai matacciyar mota wurin da ke da lasisi a tsiyaye ta kafin a fasa, wannan kuwa kuɗi ne. Shi ya sa marasa tsoron Allah a cikin 'yan kasuwa suke samun riba in suka rubuta wa mataccen inji "kayan gyara" suka turo mana. Injin da ke tashi, aka gwada shi, aka tsiyaye shi, haja ce. Wanda ya riga ya buga, aka turo shi da mansa a ciki, shara ce da aka sa wa rigar haja. Dabarar Koko ke nan, sai dai a ƙananan ƙunshi.

Me ke cikin injin da har ake wannan taka-tsantsan? Na farko baƙin mai. Injin ƙaramar mota yana ɗaukar kamar lita 4, na babbar mota ya ninka haka sau da yawa, filta ma tana riƙe nata. Man da ya daɗe yana zagaya inji yana kwasar ƙurar ƙarafa da dattin ƙonewa, waɗanda likitoci suka tabbatar yawan taɓa su yana iya jawo ciwon daji na fata. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya na mota zai iya ɓata ruwa galan miliyan ɗaya. Na biyu dalma. Shekaru da dama fetur ɗin da muke sha a ƙasar nan mai dalma ne, sai zuwa farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka gama daina shi, ga kuma dalmar da ke cikin wasu ƙananan sassan inji da lagireto irin na da. Na uku, gaskit da birki na tsofaffin motoci da yawa an yi su da asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu sannu a hankali. Na huɗu, ruwan lagireto mai launi da ke zuwa a injunan Turai, yana da ɗan zaƙi, amma in yaro ko akuya ta sha yana kashe ƙoda.

Inda abin ya shafe mu

Yanzu mu dawo gida mu faɗa wa kanmu gaskiya. Me muke yi da baƙin mai? Muna zuba shi a masai don wari da sauro. Muna shafa wa katako don gara. Muna yayyafa shi a ƙofar gida don ƙura. Wasu har shafa wa dabba suke yi in ta yi ƙazuwa ko gyambo. Sauran kuwa a kwata yake ƙarewa, ruwan sama ya kwashe shi zuwa rafi, ko ya nutse ƙasa ya tarar da rijiyar da muke alwala da ita. Dattawanmu ba su manta ambaliyar Ogunpa ta 31 ga Agusta 1980 ba, lokacin da rafin da aka mayar juji ya yi amai a tsakiyar gari, rayuka masu yawa suka salwanta. Abin da ka zuba wa ruwa, wata rana zai kawo maka shi har gida.

Sai maganar tukwane. Kan silinda da fistin da gidan giya galibi na goran ruwa ne, masu zubi suna saye su narka su yi tukwane da ludaya, kamar yadda ake yi a Fanteka ta Kaduna da sauran garuruwa. Sana'a ce ta hikima. Amma binciken da aka buga a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano cewa dalma tana fita daga wasunsu ta shiga abinci in an dafa. Mu kuwa mun san sharrin dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da Bagega, saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Wanda bai mutu ba, tana taɓa masa ƙwaƙwalwa, ba ta kuma nuna alama da wuri. A nan kusa da mu ma, masanan Jami'ar Ibadan sun auna ƙasa a wajejen Lalupon da Olodo, inda aka taɓa zubar da tokar wata masana'antar batir, suka tarar dalma ta yi yawa ainun. A 2025 kuma hukuma ta rufe wasu masana'antun narka batir a Ogijo ta Jihar Ogun saboda irin wannan gurɓata. Ogijo da Ikorodu kuwa su ne inda yawancin ƙarfen da yaranmu ke tarawa yake ƙarewa, tun da doka ta hana fitar da tarkacen ƙarfe waje. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Akwai kuma batun mutunci. Mai turo kwantena yana Turai, mai shigo da ita yana ofis, mai masana'anta yana da lauya. Wanda ido ke gani a titi shi ne yaron nan mai kura, baƙi wuluk da mai, yana magana da Hausa. In murfin kwalbati ya ɓata, shi ne. In aka ga kwata ta yi baƙi, shi ne. A watan Janairu 2018 gwamnatin Jihar Ikko ta haramta tura kurar shara a titunanta, a farkon 2025 kuma hukumar Abuja ta hana 'yan bola yawo a cikin gari, ta dakatar da kasuwannin fanteka na ɗan lokaci. Mu baƙi ne a ƙasar mutane ko da an haife mu a nan, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Laifin mutum ɗaya a bakin kwata, Sabo duka ake ɗora wa.

Abin da ya rage mana

Ba muna cewa a bar sana'ar ba ne, Allah ya kiyaye. Tana ciyar da gidaje a nan da can gida, tana kuma share wa garin nan dattin da ba mu muka kawo shi ba. Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne, tsakanin haja da guba aikin rabin sa'a ne kawai. Kafin a ɗora wa inji guduma, a kwance shi a kan siminti ko faranti, a tsiyaye man a jarka, a kife filta ta ɗiga, a rufe jarkar a sayar wa masu tara shi, kada ya taɓa ƙasa. A ware batir gefe, kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa, kada a narka dalma a cikin unguwa. A daina ƙona waya don cire jan ƙarfe kusa da gidaje. Mai fasa inji ya sa safar hannu, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, kada ya wanke da fetur, kayan aikinsa kuma kada su shiga ɗakin da yara ke kwana. Iyaye mata, don Allah a raba masai da baƙin mai, jarka ko gangar da ta taɓa ɗaukarsa kuma kada ta ɗauki ruwan sha.

Ga iyayen gidan sana'ar, masu sikeli da masu yadi, muna roƙo da girmamawa: ku riƙe littafi. Wa ya kawo inji, daga wane gareji, yaushe. Littafin nan shi zai raba ku da ɓarawo ranar da 'yan sanda suka zo. Muna kuma ba shugabannin ƙungiya shawara su zauna da Mai Martaba Sarkin Hausawa da limamanmu, a nemi jami'an muhalli da malaman jami'ar nan su zo Sabo su yi wa yaranmu bayani, a yi musu tafinta da Hausa, a kuma nemi a auna ruwan rijiyoyin da ke kusa da wuraren fasa inji. Gara mu je musu da ƙafarmu da su zo mana da kwaɗo da sarƙa.

Kakanninmu sun riƙe amanar goro da shanu a garin nan da baki kawai, babu takarda, har aka san Bahaushen Sabo da cika alkawari. Mutumin Koko bai san abin da ke cikin gangunan da aka ajiye masa ba, mu kuwa yanzu mun san abin da ke cikin inji. Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya sa albarka a nemanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.